Anti, ina son na'urar ji wadda ba wanda zai gani a kunnena

Anti barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, shekarata 46, kusan shekara uku kenan ina fama da ƙarancin ji amma ina ta basarwa. A aji idan ɗalibi ya yi tambaya daga can baya sai na ce ya maimaita sau biyu sau uku, wani lokacin ma in amsa abin da ba shi aka tambaye ni ba, yara su fashe da dariya ni ma in taya su alhali raina ba daɗi. A gida kuma maigidana ya gaji da cewa in rage ƙarar talabijin. Watan jiya dai na daure na je aka min gwaji, suka ce kunnen dama 50 na hagu 55, wai matsalar jijiya ce ba datti ba, sai dai na'ura. Sun nuna min kala-kala, ni wadda ta kwanta min a rai ita ce 'yar mitsitsiyar nan da ake ƙera wa mutum daidai kunnensa a tura ta can ciki ba mai gani. Mai gwajin ya ce in je in yi tunani, shi ya fi so in ɗauki wadda ta ɗan fi girma ko ta bayan kunne. Ni kuma ina sa tabarau, sannan gaskiya Anti kunya nake ji, bana so yara su laƙaba min suna. Kunnena kuma na yawan tara datti. Kuɗin ba kaɗan bane, ba zan iya saye sau biyu ba. Don Allah so yake ya sayar min da mai tsada ne ko gaskiya yake faɗa? Kuma zan iya sayen ɗaya tukuna? Ƙanwarki mai koyarwa.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, kin yi abin da mutane da yawa suke shekara da shekaru ba su yi ba, kin kai kunnen an auna. Ni ba likita bace, in faɗa miki tun farko, amma shekarata tara da na'ura a kunnuwana biyu, na sa ta ciki na sa ta baya, na yi kuskuren da kike shirin yi da kuɗina, saboda haka bari in ba ki labari yadda yake ba kwana-kwana.

Mai gwajin nan ina ganin gaskiya ya gaya miki. Wanda yake son cin kuɗinki ba ya cewa je ki yi tunani, hannu zai miƙo tun kina zaune. Kuma abin da ke sa na'urar ji ta yi tsada yawanci ba girman jikinta bane, kwakwalwar da ke cikinta ce, wato 'yar kwamfutar da ke tace sauti. Kamfani ɗaya zai sa kwakwalwa iri ɗaya a babba da ƙarama, sau da yawa ma ƙaramar ba ta fi araha ba, don cusa kaya a wuri kamar ƙwayar wake aiki ne. To kinga zargin bai zauna ba.

Maganar kunya kuwa, ƙanwata ai yaran nan sun riga sun sani. Yaron da ya maimaita tambaya sau uku ya fi kowa sanin malama ba ta ji sosai, in ma suna ne to wallahi sun jima da sa miki, ke ce dai ba ki ji shi ba, yi haƙuri da tsokanar. Abin da ake gani a kunne ba ya tona asirin mutum kamar "me ka ce?" ɗin da ake yi kullum. Kuma yanzu da kowa ke yawo da abin sauraren waya a kunne, rabin mutane ba za su ma gane bambancin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2021 ta ce mutum kusan miliyan 430 ne ke da ƙarancin jin da ke buƙatar taimako, ma'auninta kuwa shi ne kunnen da ya fi lafiya ya wuce desibel 35, wato ma'aunin ƙarfin sauti da aka ba ki lambobinki da shi. Ke naki mai lafiyar yana 50. Ba kwalliya za ki saya ba, kayan aiki ne, kamar tabaran da ke fuskarki.

Yanzu ɗauko takardar gwajin nan ki ajiye gabanki, don amsarki tana cikinta. Lambobin 50 da 55 da aka gaya miki matsakaici ne kawai, an haɗa an raba. Ainihin labarin yana cikin zanen, wanda suke kira odiyogram. Daga hagu zuwa dama sautuka ne, daga masu kauri irin muryar babban namiji ko gurnanin mota, 250 da 500, har zuwa sirara irin kukan tsuntsu, 4000 da 8000. Daga sama zuwa ƙasa kuma ƙarfin da sai an kai kafin ki ji. Jan da'ira kunnen dama, shuɗin gicciye kunnen hagu. Yawancin masu matsalar jijiya layinsu gangarowa yake yi ta dama, siraran sautuka su suke fara tafiya, su kuwa su ne s da sh da f da ts, shi ya sa kike jin ana magana amma kalma ta kuɓuce miki, a ce sata ki ji fata, a ce tsada ki ji fada. Murya kina jinta, haruffan da ke bambance kalma ne suka gudu. Lambobinki kuma sun zo kusan daidai inda hirar yau da kullum take kai-kawo, wanda ke kusa da ke kin ji shi, na bayan aji ya ɓace.

Abin da nake so ki duba shi ne ɓangaren hagu na zanen, wajen 250 da 500. In can ma ya sauka ƙasa, ya kai wajen 40 ko ya wuce, to na'urar da ake ƙerawa ta cika kunne za ta yi miki daɗi. In kuwa can yana sama kusa da lafiya, sirarun ne kawai suka faɗi, to a nan ne na'urar cikin kunne take zama azaba, kuma wataƙila dalilin da ya sa ya ambaci ta baya kenan. Zan dawo kan wannan don shi ya kayar da ni.

Su na cikin kunnen ba iri ɗaya bane, hawa-hawa ne. Akwai babba da ke cika kwarmin kunne gaba ɗaya ko rabinsa, a takardunsu ITE suke rubutawa. Akwai mai bi mata, ITC, tana zaune a bakin ramin kunne, fuskarta kaɗan ake gani. Sai CIC wadda ta shige ramin gaba ɗaya, da ɗan zare kamar na kamun kifi da ake jawo ta da shi. Sai autarsu IIC, wadda kike so, tana wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne ta zauna can cikin duhu. Duk hawan da kika sauka akwai abin da kika bari a baya, kuma ba a cika faɗa wa mutum ba sai ya tambaya.

Wanda ya fi shafarki shi ne makirfon. Na'ura tana gane gaba da baya ne idan tana da makirfon biyu da ɗan tazara tsakaninsu, sai ta ɗaga muryar wanda kike fuskanta ta danne hayaniyar da ke bayanki. ITE da yawancin ITC suna da wurin sa biyu. CIC da IIC yawanci ɗaya ne tal, ba fili. Masu sayarwa za su ce miki ai tunda tana can ciki fatar kunnenki ta waje tana tattaro mata sauti yadda Allah ya tsara, kuma gaskiya ne, shi ya sa ma iska ba ta cika damunta ba kuma waya tana zama daidai a kunne ba tare da kin yi ta neman wuri ba. Amma ke ba a ɗaki shiru kike aiki ba. Aji cike da yara, ana jan kujera, fanka na juyawa, na ajin kusa suna karatu da ƙarfi, ke kuma kina so ki kama muryar yarinya mai kunya daga layin ƙarshe. A irin wannan wurin ni makirfon biyu zan zaɓa ko da kuwa na'urar za ta fito kamar ɗan kunne.

Sai batir. 'Yan ƙananan suna cin lamba 10, mai alamar rawaya, shi ne mafi ƙanƙanta, kwana 3 zuwa 7 ya mutu, in kina sawa daga safe har dare ki sa ran kusa da ukun. ITC yawanci 312 take ci, mai ruwan ƙasa, ya fi jimawa, babbar ITE wani lokacin 13, mai ruwan lemo. Irin batiran nan da iska suke aiki, da kin ɓare takardar da ke bayansa ya fara ƙarewa ko kin sa ko ba ki sa ba, kuma ana so ki bar shi ya sha iska kamar minti ɗaya kafin ki rufe. Ki ƙaddara kina tsakiyar darasi ta yi miki ƙarar gargaɗi a kunne, ki ciro abu kamar ƙwayar wake ki buɗe ƙofar da ba ta kai farce ba ki sa batir ɗin da in ya faɗi ƙasa sai an duƙa da fitila. Yatsunki a 46 za su iya, amma na'ura ana sa ran ta yi miki kamar shekara 5, kuma mai ciwon gaɓoɓi ko wanda yatsunsa ke dindiris saboda ciwon suga ko mai raunin gani, wannan kaɗai ya isa ya sa ya bar ƙananan. Yanzu akwai na cikin kunne masu caji, a ajiye su cikin akwatinsu da dare a ɗauka da safe, kamfanoni irin su Starkey da Signia suna yi, amma galibi a girman ITE da ITC ne. Haka ma bulutut ɗin da zai kawo miki kiran waya kai tsaye cikin kunne, da maɓallin ƙara ko rage sauti, duk suna son wuri, in aka matse jiki su ake fara zubarwa. Batiran nan kuma ki ɓoye su daga ƙananan yara, haɗiye su hatsari ne na gaske, asibiti ake gudu nan take.

Sai ƙarfi. IIC an yi ta ne don ƙarancin ji mai sauƙi zuwa matsakaici, ke kuma kina bakin iyakar matsakaicin, 55 ɗin nan taku ɗaya ne ya rage. Irin matsalarki ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba, a hankali take ƙaruwa. In kika sayi wadda tun ranar farko an murɗa ta kusan ƙarshe, bayan shekara biyu da ji ya ƙara sauka ina za a samo ƙari? Ke da kika ce ba za ki iya saye sau biyu ba, tambayar da za ki yi wa mai gwajin kenan baki da baki: in jina ya ƙara sauka da 10 ko 15, wannan za ta iya ɗauka? Ya nuna miki a kwamfuta, akwai zanen iyakar kowace na'ura da ake ɗora shi kan odiyogram ɗinki ki gani da idonki.

To bari in dawo kan abin da ya kayar da ni. Ta farko da na saya CIC ce, don kunya irin taki, alhali sautuka masu kauri ina jinsu kusan lafiya a lokacin. Ranar da aka sa min na buɗe baki na ce na gode, sai na ji muryata kamar na zura kai cikin tulu. Gwada yanzu, toshe kunnuwanki biyu da yatsa ki ce "uuu". Kin ji yadda ya cika miki kai? Muryarki tana bi ta ƙashin kai ta shiga ramin kunne, da a buɗe yake sai ta fice, da aka toshe sai ta koma kan dodon kunne. Tauna abinci kuwa kamar ana daka a cikin kaina, har takun ƙafata nake ji. Maganinsa shi ne a huda wa na'urar 'yar hanyar iska daga ciki zuwa waje, amma ƙaramar na'ura ƙaramar huda za ta ɗauka, in kuma aka faɗaɗa hudar sai sautin da sifika ta fitar ya zagayo ya koma makirfon, shi ne fiton nan mai tsinin da kike ji a kunnen wasu tsofaffi. Aka yi ta jan igiya, a buɗe ta yi fito, a rufe in koma tulu, wata huɗu ina zarya, ƙarshe ta koma zama cikin durowa. Wadda ta cece ni a lokacin ita ce mai ɗan jiki a bayan kunne da siririyar waya ta shigo ciki da roba mai huji-huji, suna ce mata RIC, kunne a buɗe yake iska na shiga. Sai da jina ya ƙara sauka har masu kaurin, sannan na koma ta ciki, ITC, yanzu kuma ba na jin tulun, don abin da ba kya ji sosai ba ya damunki. Adalci dai, IIC da ta zauna can ciki sosai wajen da ramin ya zama ƙashi takan rage wannan matsalar, amma ba kowane kunne ke da faɗin da za ta kai can ba, wani ramin siriri ne, wani lanƙwasarsa ta yi tsanani, kamfanin da kansa zai dawo da awon ramin kunnen ya ce ba za ta yiwu ba. Ke kuma malama ce, da murya kike cin abinci, awa biyar shida kina magana, in muryarki ta dame ki cire ta za ki yi.

Tabarau ba hujja bace mai ƙarfi kamar yadda kike zato, dubban mutane suna haɗa su da ta bayan kunne, ki fara sa tabarau sannan ki ɗora na'urar ta gefen waje, ki riƙa cirewa da hannu biyu ta gaba. Amma ban ce ba komai bane, in kina yawan sawa da cirewa, ko kina sa takunkumi mai igiya a kunne, ta baya takan fizgo ta faɗi, kuma a nan ta ciki ta yi mata fintinkau.

Dattin kunne kuwa, wannan ki ɗauke shi da muhimmanci, don shi ne babban mai kashe na'urorin cikin kunne. Duk kayan wutarta, sifika da makirfon da batir, suna zaune ne cikin wuri mai ɗumi da laima da maiƙo. A bakin sifikar akwai ɗan farin mataci kamar kan allura, da ya toshe na'ura ta yi shiru ki rantse ta lalace. Mai yawan datti zai iya canza shi duk sati biyu ko uku, wani wata biyu bai taɓa ba. Idan ta RIC ce sifikarta ta mutu a nan take za a zare a sa wata ki tafi gida, ta ciki kuwa sau da yawa sai an mayar da ita kamfani, ki zauna sati ɗaya ko biyu ba kunne. Ki tambaya ko suna ba da aron wata a irin wannan lokacin. Yawan datti bai hana ki sa ta ciki ba, amma ya ƙara miki dalilin ɗaukar wadda ke bakin rami maimakon wadda za ta riƙa kutsawa ta cikinsa kullum safiya. Kuma don Allah ki rabu da tsinken auduga, tura dattin yake yi ciki, ki bari su riƙa duba miki suna cirewa. Da dare ki goge na'urar da busasshen ƙyalle, ki share bakinta da ɗan burushin da za su ba ki tana kallon ƙasa don dattin ya zubo waje, ki buɗe ƙofar batir ki sa ta cikin kwalbar busarwa. Ruwa da ita ba sa ga maciji, wanka ko iyo a cire.

Ranar awon ramin kunne don ƙera na'urar kada ki tsorata, ba zafi, sai dai baƙon abu ne. Mai gwajin zai leƙa kunnen da fitila ya tabbatar ba datti ba ciwo, sannan ya tura ɗan soso mai zare can ciki don ya tare dodon kunne. A nan mutane da yawa suke tari ko idonsu ya kawo ruwa, ni sai da na yi tari har na ba shi haƙuri, ya ce ai jijiya ce ta ratsa ta wurin, kowa haka yake yi. Sai ya matsa wani abu mai laushi da sanyi kamar man goge baki ya cika kunnen, duniya ta yi tsit, ki ji bugun zuciyarki, bayan 'yan mintuna ya daskare ya murɗo shi a hankali, ki ga siffar ramin kunnenki a tafin hannunsa da lanƙwasarsa kamar ƙahon rago. Wasu wuraren yanzu da na'urar haske suke ɗaukar hoton ramin ba tare da an zuba komai ba. Daga nan ake aika awon kamfani su zana a kwamfuta su buga ɓawon na'urar, yawanci da roba mai tauri, Phonak ma suna da na ƙarfen titaniyam wanda ya fi siriri. In an taɓa yi miki aiki a kunne ko dodon kunnenki ya taɓa hujewa, ki faɗa kafin a zuba komai, wannan ba abin mantawa bane.

Ga wani abu da ba kowa ke lura ba: sa ɗan yatsanki a ramin kunne ki buɗe baki ki rufe. Kin ji yana motsi? Gaɓar muƙamuƙi tana jingine da ramin, duk maganar da kika yi siffarsa na canzawa. Wanda nasa ke motsi sosai, na'urar takan riƙa zamowa waje yana magana, ta fara fito. Ki gaya masa ke mai yawan magana ce, wasu sukan ba mutum ɗan abu ya ciza baki a buɗe lokacin awon saboda wannan. Ƙiba ko rama mai yawa ma suna canza zaman ta, kuma shi ya sa ba a cika yi wa yara irin wannan ba, kunnensu girma yake yi.

Yanzu abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina, hannun da zai saita miki ita. Na'ura mai tsada da aka saita da ka ba ta kai matsakaiciya da aka saita da awo ba. Akwai gwajin da ake yi bayan an sa miki, a zura siririn bututu mai laushi kusa da dodon kunne tare da na'urar, a kunna magana daga sifika a gabanki, kwamfuta ta nuna ainihin abin da ke isa ciki a kowane sauti, a gyara har ya hau layin da ya dace da odiyogram ɗinki. Ramin kunnen kowa daban yake, lissafin kamfani na kunnen kowa-da-kowa ne. Wurin da na fara zuwa ba su yi min ba, tambayata kawai aka yi "ya kika ji?", ni da na shekara ban ji daidai ba ina zan san yadda daidai yake? Ki tambaya ko suna yi, in suka ce ba buƙata ki nemi wani wurin. Sannan kafin ki biya ko sisi a rubuta miki a takarda: kwana nawa ne na gwaji da za ki iya mayarwa ko ki canza zuwa wani iri, nawa za a cire in kin mayar, sau nawa za a sake ƙera ɓawon kyauta in bai zauna ba, garanti shekara nawa ne kuma ya haɗa da ɓata ko a'a, sannan zuwan da za ki riƙa yi don gyaran saiti yana cikin kuɗin ko daban ne. Wannan ya fi muhimmanci a ta ciki, domin abin da aka ƙera da kunnenki ba zai shiga kunnen kowa ba, ba a sayarwa ba a ba 'yar uwa. Kuma in ta zo tana miki ciwo ko ta goge fata, kada ki ce za ki jure, na'urar da ta zauna daidai ba ta ciwo, a koma a kankare wurin ko a sake.

Batun sayen ɗaya, kunnuwanki biyu sun sauka kusan tare, biyu ake so. Da kunne biyu kwakwalwa ke gane ta ina sauti ya fito, da su take ware murya ɗaya daga cikin hayaniya, kuma wannan shi ne ainihin kukan da kika zo da shi. In kuɗi ne ya tsaya, gara biyu masu matsakaiciyar kwakwalwa da ɗaya mai ta ƙarshe. In ma ɗayar ce kaɗai ƙarfinki ya kai a yanzu, ta fi babu nesa ba kusa ba, mai gwajin zai duba gwajin fahimtar kalmomi ya gaya miki wane kunne za a fara, ba lallai wanda ya fi muni ba. In biyun ne, mai alamar ja ta dama, mai shuɗi ta hagu.

Satin farko ba za ki so ta ba, ki sa wannan a ranki. Takarda za ta yi ƙara kamar ana yaga kwano, cokali a faranti zai tsaya miki a rai, ruwan famfo ya zama kamar kogi. Ba lalacewa ta yi ba, kwakwalwarki ce ta shekara uku ko fiye ba ta ji waɗannan ba ta manta yadda ake watsar da su, sai ta yi makonni, wani har wata biyu uku, kafin ta saba. Masu sawa sai za su fita taro kawai su ne ba sa taɓa sabawa. Ki fara a gida, ki karanta wani abu da ƙarfi don ki saba da muryarki, in da hali ki karɓo ta lokacin hutun makaranta kafin ki shiga da ita aji. Ki riƙa rubuta inda ta ba ki matsala, kada ki je ki ce masa kawai "ba ta min daɗi", ki ce muryar yara mata daga baya har yanzu tana kuɓuce min, ko jan kujera yana min zafi, da irin wannan yake sanin inda zai taɓa. Jin da kike da shi a shekara 20 ba zai dawo ba, amma "me ka ce?" zai ragu sosai, gajiyar nan ta yamma da ba ki san ta sauraro bace ita ma za ta ragu.

Abu ɗaya da ba na wasa ba: in wata rana kika tashi kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai juya ɗaki, ko ruwa ko mugunya na fita, ko ciwo, ko ƙara a kunne ɗaya kawai, ba maganar na'ura bace, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ki gani, ɗaukewar farat ɗaya kuwa a ranar, don maganinta da kwanaki ake lissafa shi. Kuma tunda shekara 46 da ɗan sauri ga lambobi irin naki, in ba ki riga kin ga likitan ba ki gan shi sau ɗaya kafin a yi awon.

Da ni ce ke, in 250 da 500 sun sauka, ITC zan ce a ƙera min, guda biyu, mai makirfon biyu, mai caji in aljihu ya kai, a zaɓi launin da ya yi kusa da fatata. In kuwa suna sama, zan haɗiye kunyar in gwada RIC tukuna, ki sa ki tsaya gaban madubi da tabaranki, wayarta siririya ce. IIC ɗin ki bar wa mai ƙarancin ji kaɗan da ke aiki a ofis shiru. Ki koma wajen mai gwajin nan da takardarki ki ce ya nuna miki dalilinsa a kan zanen, in kin dawo ki rubuto min lambobin 250 da 500 na kowane kunne da abin da ya ce game da faɗin ramin kunnenki.